Tambaya: yaya ake gano ra'ayin ƙaddara da zaɓi a cikin fim ɗin Hausa?

Ummu_Sadiya

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina ajin ƙarshe a sashen Hausa, kuma ina so in rubuta kundin kammala digiri a kan ƙaddara da zaɓin ɗan'adam a finafinan Hausa. Da na kai shawarar sai aka ce mini fim ɗin Hausa ba shi da wata falsafa, wa'azi ne da rawa da waƙa, ɗan abin da ya rage kuma daga Indiya aka kwaso shi. Ni kuwa da wuya in kalli fim ban ji an ce "ƙaddara ta riga fata" ko "ki yi haƙuri, haka Allah Ya rubuta" ba.

To shin tara irin waɗannan maganganu ya isa ya zama hujja? In bai isa ba, ta ina ake kamo ra'ayin fim? Finafinai nawa ya kamata in ɗauka? Sannan ina tsoron kada in taɓa aƙida in yi ɓarna. A taimaka mini da hanyar aiki dalla-dalla. Allah Ya saka da alheri.

Mai_Nazari

Wa alaikumus salam, Malama. Batun naki yana da kyau, amma tara maganganu ba zai fisshe ki ba, kuma nan ne yawancin irin wannan kundi yake faɗuwa. Abin da ɗan wasa ya furta ra'ayin wanda yake kwaikwayo ne. Ra'ayin fim yana wurin da marubuci ya raba sakamako: wa ya tsira, wa ya wulaƙanta, kuma me ya warware ƙullin labarin. Uwa tana iya cewa "ƙaddara ce" sau goma, amma in fim ya ƙare da ita a gadon asibiti tana neman gafarar 'yar da ta yi wa auren dole, to fim ɗin ya ce laifinta ne.

Ki fara da taƙaita fage. Jigo ɗaya ya isa, auren dole ko kishi, kada ki haɗa su. Finafinai 8 zuwa 10 sun wadatar a matakin digiri na farko. Ki raba su biyu, rabi daga zamanin kaset da faifai, rabi daga masu dogon zango na YouTube da talabijin. Mai dogon zango kada ki ce za ki bi shi duka, ki ɗauki zango ɗaya cikakke.

Kowane fim ki kalle shi sau biyu. Kallon farko babu biro a hannu. A na biyu ki tsaya a duk inda labari ya juya, wato inda abin da ya faru ya sauya makomar wani. Fim mai awa biyu yakan ba da irin wannan wuri 6 zuwa 10. In kin ga kin rubuta 30, kina lissafa fitowa ne ba juyi ba. A kowane juyi ki cike gida shida a jadawali: minti nawa, me ya faru, wa ya jawo shi, me aka ce a kansa, wa ya faɗa wa wa, me ya biyo baya. Gida na uku shi ne zuciyar aikin, kuma amsarsa iri uku ce kawai: mutum ya zaɓa da saninsa, ko an tilasta shi, ko abu ya faɗo daga waje kamar haɗarin mota, ciwon ajali, gobara, ko wasiyyar da aka tsinta a ƙasan akwati.

Da kin gama sai ki ɗora gida na uku a kan na huɗu. A nan abin mamakin yake fitowa. Sau da yawa kalmar ƙaddara ba ta zuwa bayan haɗari ko mutuwa, tana zuwa ne bayan abin da wani mai iko ya yanke da hannunsa. Alhaji ya ba da 'yarsa ga abokin kasuwancinsa, sai gwaggo ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado ta ce matar mutum kabarinsa. Gida na biyar zai nuna miki hanyar da kalmar take bi: daga babba zuwa ƙarami ne, daga namiji zuwa mace ne, daga mai kuɗi zuwa talaka ne? Ki ƙirga. In a cikin furuci 40 kin samu mafi yawa suna gangarowa ƙasa, kin samu abin rubutawa, kuma kin haɗa falsafar da zaman jama'a ba tare da kin yi dogon turanci ba.

Abu na biyu da jadawalin zai tona shi ne baki yana cewa ƙaddara, labari kuwa yana tafiya a kan sakayya. Muguwar kishiya ta haukace, boka ya mutu a wulaƙance, mai haƙuri ta auri mai kuɗi. Wannan lissafin "alhaki kwikwiyo ne" da "mahaƙurci mawadaci" ne, kuma yana nufin aikin mutum shi ke jawo masa makoma tun a nan duniya. Karin maganarmu ma ɗauke take da ɓangarorin biyu: ga "rabon kwaɗo ba ya hawa sama", ga "in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere". Fim bai ƙirƙiro wannan ja-in-ja ba, ya tarar da shi.

Kurakurai biyu ki kiyaye. Kada babi na huɗu ya zama ba da labarin finafinai ɗaya bayan ɗaya. Layi biyar sun ishi kowane fim. Kuma kada ki ɗauko ra'in wani Bature tun farko ki riƙa cusa fim a ciki. Jadawali tukuna, ra'i daga baya.

Almajirin_Zaure

Allah Ya ƙara basira, Mai_Nazari. Zan ɗan yi magana a kan tsoron da 'yar'uwa ta ambata, don yana kan hanya.

Mas'alar nan tsohuwa ce a ilmin tauhidi, kuma an yi mata matsaya uku. Jabariyya, waɗanda ake jingina wa Jahmu ɗan Safwan da aka kashe a shekara ta 128 bayan hijira, sun ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan. Ƙadariyya, da Mu'utazila bayansu, mabiya Wasilu ɗan Aɗa'u na Basra wanda ya rasu a 131, sun ce bawa shi ke samar da aikinsa, don in ba haka ba yi masa azaba zai zama zalunci. Ahlus Sunna suka tsaya a tsakiya: Allah ne Mahaliccin komai har da ayyukan bayi, amma bawa yana da nufi da zaɓi, kuma a kansu ake yi masa hisabi. Imam Ash'ari, wanda ya rasu a 324, ya kira wannan kasabu. Ƙarshen Suratut Takwir ya haɗa ɓangarorin biyu a ayoyi biyu a jere, ta 28 da ta 29. Wannan matsaya ta tsakiya ita ta iso ƙasar Hausa, ta babin farko na Risala ta Ibn Abi Zaid da kuma littattafan tauhidi na Imam Sanusi da ake karantawa a zaure tun ƙarnoni.

Ma'aunin da zai fi yi miki amfani ƙa'ida ce guda da malamai suke faɗa: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Wanda ɗansa ya rasu ya ce ƙaddara ce, ya yi daidai. Wanda ya doki matarsa har ta yi ɓari ya ce ƙaddara ce, ya fake ne. Ki ƙara gida na bakwai a jadawalin can: musiba ko laifi? Sannan ki duba ko fim ɗin ya bar mai fakewar ya wuce, ko ya sa wani ya tanka masa. Haka nan ƙaddara ba ta hana riƙon sababi. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Don haka yarinyar da ta kai ƙara wurin kawunta ko wurin alƙali ba ta yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba.

In kin zaɓi auren dole, ki san fiƙihunsa kafin ki yi hukunci. A mazhabar Malikiyya uba yana da ikon ijbari, wato aurarwa ba da yardarta ba, a kan 'yarsa budurwa, da sharuɗɗa, ciki har da rashin cutarwa, kuma wannan iko bai kai ga kawu ko yaya ba. A gefe guda ga hadisin Khansa'u 'yar Khidam a Bukhari, bazawara da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Finafinai da yawa suna cakuɗa waɗannan: wanda ya yi tilas ɗin baffa ne ko kishiyar uwa, amma ana magana kamar shari'a ce ta ɗaure yarinyar.

Batun sakayya kuma, gaskiyar Mai_Nazari ne, har ma ya fi yadda ya faɗa nauyi. Addini bai yi alkawarin cewa kowane azzalumi zai ga sakamakonsa kafin ya mutu ba. Akwai istidraji, inda ake yi wa mai saɓo talala da ni'ima. Akwai jarrabawa, wadda hadisi ya ce annabawa ne suka fi kowa shan ta. Fim ɗin da kullum yake haukatar da mugu yana koya wa mai kallo, ba da niyya ba, cewa wanda ciwo ya kwantar akwai abin da ya shuka. Wannan ya cancanci babi guda.

Shawara ta ƙarshe: kada ki rubuta cewa fim kaza "Jabariyya ne". Tuhuma ce a kan aƙidar mutane masu rai, kuma yawancinsu ba da wannan nufi suka rubuta ba. Ki ce furucin wane ya karkata ga ma'anar jabru, ki kawo minti da lafazi.

Bayan_Kyamara

Allah gafarta Malam, bayani ya yi. Sai dai akwai abin da ku biyu ba ku taɓo ba: sau tari ba tunani ne yake zaɓen ƙarshen fim ba, aljihu ne.

Ƙanwata, ki lissafa kuɗin haɗarin mota a fim. Ƙarar birki, allo ya yi baƙi, sai a buɗe a ɗakin asibiti da ledar ƙarin ruwa a rataye da bandeji a ka. Rabin yini an gama. Yanzu ki kwatanta da a ce yarinyar ta kai ƙara kotu: ana buƙatar ɗakin shari'a, alƙali, lauyoyi, shaidu, 'yan kallo 20 da za a ciyar, da marubucin da ya san yadda ake zaman kotu. Kwana biyu ko uku ke nan. Saboda haka "abin da ya faɗo daga waje" zai yi yawa a jadawalinki, kuma ba duka ne aƙida ba. Wannan ƙorafi ma ba sabo ba ne, Aristotal ya yi shi a kan wasannin Girka fiye da shekaru 2,300 da suka wuce, inda ya ce warwarar labari ta fito daga cikin labarin, ba a sauko da abin bauta da ƙugiya ya raba gardama ba.

Sai tarihin zargi. Tun kafin a fara fim ɗin Hausa ake kallon sinima a Kano a matsayin wurin ɓata tarbiyya. Da gidan sinima na El Duniya ya ƙone a 1951 mutane fiye da 300 suka rasu, da yawa sun fassara abin a matsayin azaba. Masana'antar bidiyo ta fara a 1990 da aikin ƙungiyar Tumbin Giwa, ta tashi a ƙarƙashin wannan inuwa. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 aka sake dakatar da ɗaukar fim na watanni aka tsaurara dokoki. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan malamai da jama'a sun yi ca. Mutumin da yake aiki a irin wannan yanayi dole kullum ya nuna cewa shi mai faɗakarwa ne. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya nuna ɓarna na minti 90, ya hukunta ta a minti 10 na ƙarshe. Hukuncin nan shi ne takardar izininsa a wurin hukuma da wurin iyaye. Don haka ki rubuta shekarar kowane fim kusa da sunansa, ki duba ko kafin 2007 aka yi shi ko bayanta.

Kasuwa ma ta sauya salon. A zamanin da 'yan kasuwar Kofar Wambai suke sayen fim, ana raba shi kashi na 1 da na 2, ana yanke na farko a daidai inda zalunci ya kai maƙura don a sayi na biyu a ga sakayya. A mai dogon zango kuwa mugu shi ne jari. In ya mutu a mako na 5 shirin ya mutu, don haka sai a ja masa rai zango bayan zango, yana cin nasara yana dariya. Ba da gangan ba, wannan tsari ya fi kusa da istidrajin da Malam ya ambata.

Maganar Indiya kuma rabin gaskiya ce. An kalli finafinansu a Arewa tun shekarun 1950, kuma an ɗauki rikicin so da biyayyar iyaye saboda ya yi daidai da namu. Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu sosai a kan haka. Amma ki lura da abin da aka bari a hanya. Labarin mutum ya mutu a sake haifar sa ya dawo ɗaukar fansa bai samu shiga ba, roƙo a gaban gunki ya koma sallar dare a kan darduma. In kin samu fim ɗaya da aka juyo daga na Indiya, ki jera su biyu ki rubuta abin da aka cire da abin da aka sa a madadinsa. Wannan shi ne amsarki ga mai cewa kwafi ne kawai.

Ummu_Sadiya

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilmi. Na fahimci jadawalin, gida bakwai ke nan. Saura abu ɗaya: an ce sai na haɗa da ra'ayin masu kallo. Takardar tambayoyi zan raba, ko yaya?

Anti_Malama

'Yata, kada ki ɓata kuɗin buga takarda. In kin rubuta "Kin yarda da ƙaddara?" kowa zai ce e, don rukunin imani ne, kin tashi da kashi 100 da ba ya gaya miki komai. Zaman tattaunawa za ki yi.

Ki haɗa rukuni huɗu, kowanne mutum 6 zuwa 8: 'yan mata, matan aure, samari, magidanta. Kada ki haɗa yarinya da uwarta ko mace da surukarta a zama ɗaya, kunya za ta rufe musu baki, babbar ta yi magana sauran su ce haka ne. Ki nuna musu yanki na minti 10 zuwa 15, ki tsayar kafin warwara. Tambayoyi uku sun isa: laifin wa? Me ya kamata ta yi yanzu? Da ƙanwarki ce me za ki ce mata? Sannan ki nuna ƙarshen ki tambaya ko haka abin yake faruwa a unguwarsu. Tazarar da ke tsakanin amsa ta biyu da ta uku ita ce abin nema, don mutum yakan yi wa 'yar fim wa'azin haƙuri, ya ba ƙanwarsa shawarar ta tafi gida.

A nan ra'in Stuart Hall, masanin nazarin al'adu, na 1973 zai yi miki aiki: mai kallo ko ya karɓi saƙon yadda aka nufa, ko ya karɓa da gyara, ko ya juya shi gaba ɗaya. Matar da ta ce "haƙuri yana da kyau, amma ba da irin wannan miji ba" tana cikin masu karɓa da gyara, kuma ina sa ran nan za ki samu mafi yawa.

Ina da ɗan saɓani da Mai_Nazari. Ya ɗora komai a kan ƙarshen fim, alhali mai kallo ba ƙarshe kaɗai take ɗauka ba. Minti 90 ɗin da jaruma ta yi tana gardama da baffanta, da waƙar da ta zaɓi wanda take so, su ma suna zama a rai, wani lokaci fiye da hukuncin minti 10. Ki tambaye su wace fitowa suka fi tunawa kafin ki tambayi darasin da suka koya. Amsoshin ba sa zuwa ɗaya.

Ki kuma ba tarihin tushen waɗannan finafinai shafi biyu ko uku. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya samar da 'yan mata masu karatun boko da yawa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya durƙusar da kamfanonin ɗab'i, marubuta suka koma buga littattafansu da kansu a Kano, mata da yawa a cikinsu, kuma auren dole da kishi su ne manyan jigoginsu. Daga waɗannan littattafai fim ya gaji jigogin. Kirk-Greene, Bature masanin Hausa, a laccarsa ta 1973 a kan mutumin kirki, ya lissafa halaye goma, ciki har da haƙuri da kunya da adalci. Ki duba a finafinanki wa ake nema wa haƙuri da kunya, wa ake nema wa adalci, kuma sau nawa ake neman na ƙarshen.

Wajen aiki: ki nemi izininsu kafin ki kunna rikoda, ki sauya sunaye a kundin, kuma zaman matan aure ki yi shi a cikin gida tsakanin azahar da la'asar, bayan an sauke tukunya. Kowane zama kada ya wuce awa ɗaya. Juyar da awa ɗaya ta magana zuwa rubutu yakan ci awa 4 zuwa 6, ya fi haka in suna katse juna, don haka ki ware mako guda cur domin wannan kaɗai, kuma ki ajiye kwafin muryoyin a wuri biyu tun ranar da kika ɗauka.